Godiya ga mai shagon kayan zane na Adum da ke sayar mana da fensir ɗai-ɗai

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka.

Mu masu zana hoton fuskar mutane a takarda da fensir mai launi ne a nan Kumasi, yawancinmu daga Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Mun ga ya kamata mu gode maka a bainar jama'a, don yabon gwani ya zama dole, kuma don masu koyo su san abin da za su nema idan sun shigo Adum.

Babban alherin da ka yi mana shi ne sayar da fensir ɗai-ɗai. Cikakken akwatin fensir samfurin Polychromos launi 120 ne, na Prismacolor Premier 150, amma fuskar mutanenmu launi takwas zuwa goma kawai take ci: ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan goro, jan ƙasa, makuba, ruwan ƙasa mai duhu, shuɗin baba, shunayya kaɗan, ruwan toka. Su ne ke ƙarewa tun sauran ba a ko fiƙe su ba. Da ba don kai ba, sai mutum ya sake sayen akwati guda saboda fensir uku. Ƙananan kwalayen da ake cewa na launin fata ne kuwa, galibi ruwan hoda ya fi yawa a ciki, na farar fata, kuma yaranka ba sa ɓoye wa mai saye wannan.

Mun ji daɗi ƙwarai da yadda suke hana sabon shiga ɗibar baƙin fensir da yawa, domin nan ne kuskuren farko yake. Baƙar fata ba a yin ta da baƙi. Ana fara fitar da siffa da fensirin rubutu na HB a hankali, a ɗauke yawan gawayin da magogi mai laushi irin wanda ake mulmulawa, don in an bar shi zai gauraya da launi mai haske ya dagula shi. Sai shimfiɗar farko da ruwan goro ko ruwan ɗorawa, a riƙe fensir can baya, hannu sakwai, ana zagaya ƙananan da'ira har layi ya ɓace. A bar farin takarda inda haske ya sauka: tsakiyar goshi, karan hanci, saman kumatu, leɓen ƙasa. Daga nan jan ƙasa, sannan makuba, hawa bisa hawa, shida zuwa goma kafin fata ta cika. Inuwar ƙarƙashin haɓa da gefen hanci kuwa, shuɗin baba ake sa wa a ƙasa, a rufe da ruwan ƙasa mai duhu. Duhun da wannan ke bayarwa yana da rai, na baƙi zalla kamar rami yake a fuska. Baƙi sai ƙwayar ido, ƙofar hanci da tsagar da ke tsakanin leɓɓa. Farin ido ma ba fari ba ne, yana son ɗan ruwan toka, musamman ƙarƙashin fatar ido ta sama.

Wajen saje launuka ma ba ka bar mu a baya ba. Ka kawo fensirin sajewa marar launi, wanda a da sai an yi sa'a ake samunsa. Masu koyo da yawa farin fensir suke murzawa a kai, to a baƙar fata sai fuskar ta yi furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba da hunturu. Kuma murzawa da ƙarfi aikin ƙarshe ne. Fuskar takarda tana da ƙananan ramuka da ke kama launi, in aka danne su tun hawa na biyu, sai takardar ta yi santsi, duk abin da aka ƙara ya riƙa zamewa, ba gyara kuma. Ga mai son narkar da launi, ka ajiye ruwan tsinka fenti marar wari a ƙananan kwalabe. Bayan hawa uku ko huɗu ake sa shi: a tsoma ƙaramin burushi, a tsane shi a tsumma har ya kusa bushewa, a bi launin daga haske zuwa duhu, a jira kamar minti 20 kafin a ɗora wani hawan. Kananzir ba ya maye gurbinsa, tabon maiƙo yake bari har bayan takarda.

Takarda kuwa, duk wanda ya san raɓar daminar Kumasi zai yaba da yadda kake ajiye ta: a kwance, cikin leda, a kan kantar shago, nesa da ƙasa da bango. Takardar da ta sha danshi takan yi tudu da kwari, fensir mai tsini ya riƙa tayar mata da gashi. Muna samun takardar zane samfurin Bristol mai ɗan kaushi, mai nauyin giram 250 zuwa sama, marar asid, wadda ba ta komawa ruwan ɗorawa da shekaru. Takardar fotokofi giram 80 ce, ba ta jure hawa huɗu, balle ruwan narkarwa.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Prismacolor kaki ya fi yawa a cikinsa, yana da taushi, yana sajewa da sauƙi, amma in ya faɗi ƙasa sau ɗaya cikinsa na iya kakkaryewa, a yi ta fiƙewa yana zubewa. Yaranka ba sa watsa shi a leda, naɗe shi suke yi a kwali da roba. Suna kuma barin mai saye ya duba gindin fensir ya ga ko launin yana tsakiyar itacen, ya gwada a guntun takarda. Haka suke nuna taurarin da kamfanin Faber-Castell ke bugawa a jikin Polychromos, cewa mai tauraro uku ya fi jure haske. Hoton da za a rataye a falo shekara da shekaru, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shi Prismacolor ɗin nan mai kaki, in an jibga launi mai duhu, bayan kwanaki wani farin hazo kan taso a saman zanen. Kakin ne ya taso, ba lalacewa ba ce. A share da tsumma mai laushi, a fesa maganin kariya siriri sau biyu daga nisan kamar santimita 30, a waje inda iska ke kaɗawa. Mun gode da ka kawo na ainihi, don feshin gashi da wasu ke amfani da shi yana sauya launin takarda daga baya. Mai firam ɗin da kake tura mu wurinsa shi ma ya san aikinsa, yana sa kwalin gefe tsakanin zane da gilashi don kada su haɗu, danshi ya manne su.

Roƙonmu ɗaya ne, Alhaji: a ƙaro takarda mai girman A2, a kuma riƙa yin odar makuba da ruwan ƙasa mai duhu fiye da sauran launuka, don kafin tsakiyar wata sun ƙare a kanta.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya saka wa yaranka da alheri.

Naka,
Masu zanen fuska da fensir, daga zangunan Kumasi