Ba a tambaye mu ba, mu da aka tasa daga kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi a kan aikin sabuwar kasuwar Kejetia, kuma wallahi raina ya ɓaci. Awa guda baƙonku yana yabon rufi da bene da wurin ajiye motoci, yana cewa Kumasi ta zama birnin zamani, amma ko ɗan kasuwa ɗaya ba ku ba wa makirfo ba.

Ni gero da wake da kanwa nake sayarwa, a rumfar da na gada wurin mahaifiyata a tsohuwar Central Market. A 2019 Shugaba Akufo-Addo na Ghana da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II suka ƙaddamar da kashi na biyu na aikin, wato sake gina kasuwarmu, na Yuro miliyan 248. Daga baya aka ce mu kwashe kaya mu koma filin Racecourse, wai na ɗan lokaci ne. Muka kwashe, aka rushe rumfunan. Da ƙasa ta faɗa rikicin bashi a 2022 sai aiki ya tsaya, ƙarafa suka yi ta shan ruwan sama. Wannan bai shigo bakin baƙonku ba ko sau ɗaya.

Ku zo Racecourse da damina ku gani. Taɓo har idon sawu. Buhun wake sai na ɗora shi a kan katako da duwatsu, duk da haka na ƙasa sai ya yi fumfuna. Matan Aboabo da Asawase masu koko da waake (shinkafa da wake), da suka saba awo a wurina tun ina budurwa, sun daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai ƙara kuɗin motar haya ta trotro, ya biya kayayo mai dako, don ya sayi gero? Masu ƙaramin jari sun gaji sun baje kaya a bakin titin Adum, can ma kullum cikin gudu suke.

Baƙonku ya yi ta nanata shaguna fiye da 8,000 a kashi na farko. Gaskiya ne, gini ya yi kyau, ba mai musu. To ya hau sama mana ya ƙirga masu ciniki! Ƙanwar mijina tana can, wani lokaci har azahar ba ta buɗe hannu ba, ga kuɗin wuta yana jiranta. Wanda ya zana kasuwar nan bai taɓa ganin tsohuwa da ciwon gwiwa tana neman daddawa ba.

  

In za ku sake shirin, ku turo ɗan jaridarku layin masu hatsi, ya zo da takalmin roba.

Wassalam,
Mai hatsi, daga Sabon Zango, Kumasi