Gwaji ya nuna su biyun AS ne, amma iyaye maza sun ce ba fashi

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana da unguwarmu, saboda dangin maigidana suna sauraren wannan shiri.

Maganar 'yata ce ta fari. An sa ranar aurenta da ɗan baffanta, wato ɗan yayan maigidana, bayan Babbar Sallah. An kawo kuɗin gaisuwa, an haɗa lefe, har an fitar da anko. Yaron ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. A gabana ya girma, yana da shagonsa a Kantin Kwari, kuma suna son juna tun tana sakandare. Da yake a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, na jinotaif da ƙanjamau da ciwon hanta, limamin unguwarmu ba ya ɗaura aure sai ya ga takarda. Suka je asibiti, komai ya fito lafiya lau, sai abu ɗaya, jinotaif, wato irin jinin da mutum ya gada daga iyayensa: ita AS, shi ma AS, ma'ana kowannensu yana ɗauke da sikila a jininsa amma ba ya ciwon.

Anti, ni ba labarin sikila aka ba ni ba. Ni da maigidana duk AS ne, sai dai lokacin da aka yi aurenmu ba wanda yake maganar gwaji. Haihuwata shida, biyu SS, wato masu ciwon sikila. Na farkon tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, aka ce sanyi ne, aka ce iska ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, har Allah ya karɓi abinsa yana shekara huɗu. Na biyun yanzu shekararsa 15. Idan hunturu ya kama, barci ya ƙaurace wa gidanmu ke nan. Zai kama ƙafa yana kururuwa wai ana sara masa ƙashi, idanu su yi rawaya, a kwashe shi tsakar dare, a ce jininsa ya yi ƙasa, a shiga neman wanda zai bayar. Kullum sai ya sha folic acid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ga hydroxyurea da likita ya ƙara masa, wanda kuɗinsa ke cinye ribar ɗinkina. Sa'o'insa sun wuce shi da aji guda saboda kwanciyar asibiti. Ina gode wa Allah da ya bar min shi, amma ba zan so maƙiyina ma ya ɗanɗani wannan ba, balle 'yar cikina.

Shi angon cewa ya yi ai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke zuwa da SS, to za su haifi uku su dakata. Ma'aikaciyar jinya ta yi masa bayani a gabana cewa ba haka lissafin yake ba: kowane ciki zaman kansa yake, kowanne yana iya zuwa da SS, na fari ne ko na auta. Ya yi murmushi kawai ya ce Allah zai tsare.

Yaya kuwa, da maganar ta isa kunnensa, faɗa ya yi sosai. Ya ce wannan rashin tawakkali ne, cuta da lafiya na Allah ne, kuma iyayenmu da kakanninmu da suka yi ta auren zumunci ba su ƙare ba. Ya ce shi ne waliyyi, ya ba da 'ya, ba zai zama ƙaramin mutum ba. Maigidana ya fi kowa sanin gaskiyar abin, shi ya sa ɗansa a kabari da hannunsa. Amma Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya yi masa aure, ya ba shi jari. Idan na tayar da zancen sai ya ce, "Me kike so in ce wa Yaya?" ya saka takalminsa ya fita. Facalata ta daina amsa gaisuwata, tana yaɗawa a dangi wai na raina ɗanta, na hango wa yarinya mai kuɗi. Wata gwaggonsu ma har cewa ta yi ta san inda za a sake takardar a rubuta AA, wato jinin da ba sikila a cikinsa, kowa ya huta. Takarda dai za a canza, jinin yana nan yadda yake.

Abin da ya fi ci min rai ita ce yarinyar. Kin san al'adarmu da ɗan fari, ko sunanta ba na faɗa, ban saba zama da ita mu yi irin wannan magana ba. Na dai daure na kira ta ɗaki. Ita ce fa mai kwana da ƙanenta a asibiti, ita ke gasa masa jiki da ruwan ɗumi, don haka na zaci da kanta za ta janye. Ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce, "Umma, ke ba ki haƙura kin zauna ba? Ni ma zan iya." Na rasa amsar da zan ba ta. Ni ban sani ba na shiga, ita kuwa tana gani za ta shiga, amma bakina ya kasa faɗa mata haka.

Wata maƙwabciyata ta ce in kai ƙara Hisbah, tunda suna sasanta rikicin iyali. Anti, ranar da aka ji na kai yayan mijina ƙara, nawa auren ne zai fara mutuwa. Na yi tunanin samun wani malami da Yaya ke jin nauyinsa, ko likitan da ke duba yarona ya zauna da su, sai dai ina tsoron a ce na zagaye mijina na kai sirrin gida waje.

Ta wace ƙofa zan shiga a fasa auren nan ba tare da zumuncin 'yan'uwa biyu ya tsinke ta dalilina ba? Yaya zan yi magana da 'yata ta gane ba ƙin farin cikinta nake ba? In kuma duk sun ƙi ji, shiru ya kamace ni in yi mata kayan ɗaki in raka ta, ko in fito fili in ce ban yarda ba? Lokaci yana ƙurewa, an ce mako mai zuwa za a buga katin gayyata.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Wata uwa daga Kano