Kafin Ka Sauya wa Bindigar Nan Bututu

Ɗana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma a nan Zariya lafiya lau muke.

Na karanta saƙonka, na kuma duba hoton takardar da ka harba. Ka ce mai gonar da kake wa aiki a yammacin Kansas ya ɗora maka rage kuregun da ke rarake makiyaya, da dilolin da ke far wa 'yan maruƙa, kuma bindigar da ka saya ta hannu, Remington 700 mai sakata da ke cin harsashin .22-250, tana watsa harbi har inci 2 a yadi 100. Shi ya sa kake son sauya mata bututu. Dakata tukuna. Bututu abu ne mai tsada, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba.

Gaskiyarka ce, inci 2 ya yi yawa. Abin da ya watse inci 2 a yadi 100 zai kai inci 6 a yadi 300, kuregen nan kuwa faɗinsa bai kai haka ba. Ma'ana za ka riƙa karya masa ƙafa ko ka fasa masa ciki, ya ja jiki ya shige rami ya mutu a wahale. Wannan ne ya fi damuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a kashe a kyautata kisan, kuma ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Don haka koyon harbinka a takarda zai ƙare, ba a jikin dabba ba. Sai ka ga harsashi biyar suna taruwa cikin inci 1 a yadi 100, yau da gobe da jibi, sannan ka fita fili.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Cire harsashi, ka leƙa da idonka ka tabbatar babu komai a ciki. Duba sukurori biyun da suka ɗaure ƙarfen da ƙota, da na zobban da ke riƙe madubin saiti. Ka ɗaure su da sukundireba mai awo, daidai yadda kamfani ya rubuta, domin matsewa fiye da kima kan lanƙwasa jikin madubin. Sannan ka wanke cikin bututun da maganin da ke narkar da jan ƙarfe. Bindigar da aka saya ta hannu ba a san rabonta da wanki ba. Ka duba leɓen bakinta da kyau, ko ɗan tsagi ne a nan yana karkatar da harsashi yayin fita.

Bayan haka sai harsashi. Kowane bututu da irin wanda yake so. Tun da Remington ta fara sayar da .22-250 a 1965, yawancin bututunta murɗin cikinsu zagaye ɗaya ne a inci 14, kuma irin wannan murɗi ya fi dacewa da harsashi mara nauyi, giren 50 zuwa 55 (giren shi ne awon nauyin harsashi). Ka sa masa mai nauyi da tsawo, ba zai juya shi yadda ya kamata ba, sai ya tafi yana tangaɗi. Sayi kwali ɗaya ɗaya na iri uku ko huɗu, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi gaba da baya, ka harba biyar biyar, kana rubutawa. Ka riƙa barin bututun ya huce. Harsashin nan yana fita da gudun da ya haura ƙafa 3,600 a daƙiƙa, zafinsa yana cin maƙogwaron bututu fiye da na harsashin .223 da bai kai shi gudu ba, kuma bututu mai zafi harbinsa yawo yake yi.

Idan har yanzu tana watsawa, to sai a koma ga ƙota. Lokacin da nake karatu a Jami'ar Jihar Kansas, zamanin da take taimaka wa ABU da malamai a fannin noma da likitancin dabbobi, wani manomi da muke zuwa duba shanunsa ya nuna mini gwajin da ake yi. Ya ɗauki takardar dala, ya zura ta ƙarƙashin bututun, ya ja ta daga gaba zuwa gindi. Inda ta tsaya, nan itace ke taɓa ƙarfe. Bututu yana kaɗawa duk lokacin da aka harba, kuma ana so ya kaɗa iri ɗaya kullum. Itace kuwa ka san halinsa, kamar ƙyauren ɗakin mahaifiyarka ne, da damina ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya saki. Idan yana dannar bututun, saitinka zai riƙa bin yanayi. Maganinsa a rage itacen da ke taɓawa, a kuma yi wa ƙarfen shimfiɗar gam ɗin ifoksi a cikin ƙotar, tare da 'yan ginshiƙan alminiyom inda sukurorin ke ratsawa, yadda zai zauna daram. Wannan aikin ka kai wa maƙerin bindiga. Idan gam ɗin ya kama inda bai kamata ba, ƙarfe da itace sun zama ɗaya ke nan.

Kunamar bindigar ce nake so ka saurare ni a kanta sosai. Kunama mai tauri tana sa hannu ya fizge bindiga, shi ya sa matasa ke sassauta ta har ta zama iska ma na iya tayar da ita. Kada ka taɓa sukurorinta da kanka. Ka fara duba lambar bindigar, domin a 2014 kamfanin ya nemi a mayar da masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera tsakanin 2006 da 2014, saboda wasu na iya tashi ba a taɓa su ba. Idan za ka sauya, sa maƙeri ya ɗora maka irin ta kamfanin Timney, ya tsayar da nauyin janta wajen laba 3. Ga mai yawo a fili cikin sanyi da safar hannu, wannan ya isa. Kafin ka karɓa, ya gwada a gabanka ba harsashi: a ɗana ta, a rufe sakata da ƙarfi, a buga gindin ƙota a ƙasa, a cire makullin kariya. In ta tashi ko sau ɗaya, ba ta gyaru ba.

Madubi mai kyau ya cancanci kuɗinsa, musamman wanda ake daidaita shi da nisa, amma babu madubin da zai karanta maka iska. Iskar da ke gilmawa da gudun mil 10 a awa tana iya kawar da harsashinka kusan inci 10 a yadi 300, Kansas kuwa ba ta rabo da iska. Koyi kallon ciyawa da kawalwalniya. Ranar da ta yi ƙarfi, matsa kusa ko ka haƙura. Sai duk waɗannan sun gaza, maƙeri ya leƙa ya ce maƙogwaron ya cinye, sannan a yi maganar sabon bututu.

Lasisin farautarka ya kasance a aljihunka kullum. Ga mai zama da biza irinka, shi ne ya halatta maka riƙe bindiga a ƙasar. Kada ka harba sai ka san abin da ke bayan dabbar, kuma kada ka harbi abin da ya tsaya a kan tudu sama ce bayansa. Kada ka taɓa mushen kuregen da hannu, ƙumarsu na ɗauke da annoba. Ka nemi harsashin da ba dalma, saboda shaho da gaggafa suna cin gawar su sha guba. Akwai kuma wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda ta kusa ƙarewa a duniya, kuregun nan ne abincinta kuma a ramukansu take kwana. Tambayi hukumar namun daji ta jihar ko an sake ta a yankinku. Ka rage inda suke ɓarna, ka bar sauran.

Yanzu da yaronka ya fara rarrafe, bindiga a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam. Mahaifiyarka ta ce in nanata maka wannan, ta kuma ce ka turo mata hotonsa. Ni kuma ka turo mini takardun gwajin harsashin idan ka gama. Ka gaishe da maiɗakinka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka