Dalilin Da Ya Sa Labari Ke Yankewa A Waya, Da Yadda Ake Gyara Shi

Assalamu alaikum. Ya Edita, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani kan wani koke da ya yi yawa a bakin masu karatu: mutum ya buɗe labari a wayarsa, ya ga kanun labari da hoto da sakin layi biyu, daga nan sai fari fat, ko kuma gefen dama na kowane layi ya shige bayan allo. Da an yi magana sai a ce sabis ne. Sabis yana da nasa laifin, amma galibin wannan matsala a wajen zuba labarin take, kuma ana gano ta cikin 'yan mintoci idan an bi ta kan hanya.

Abin da za a fara tantancewa shi ne ko rubutun ya iso wayar aka ɓoye shi, ko kuwa tun asali bai iso ba. A buɗe labarin a kwamfuta. Idan nan ma ya tsaya a daidai kalmar da ya tsaya a waya, to wayar ba ta da laifi. Idan ya cika a kwamfuta, a danna F12 a Chrome, sannan Ctrl da Shift da M tare, allon zai koma siffar waya. A sa faɗinsa fiksel 360 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi), domin shi ne faɗin da yawancin wayoyin Android na hannun jama'a ke nunawa, irin su Tecno da Itel da Infinix. Sai a danna Ctrl da U don ganin lambar da aka gina shafin da ita, a nemi jimlar ƙarshe ta labarin da Ctrl da F. In tana nan, rubutu ya iso, wani abu ne ya danne shi.

Mu fara da wanda ke yankewa ko'ina, don shi ya fi ɓarna. Wakili ya turo rahoto ta WhatsApp, a tsakiya ya sa emoji, aka kwafa aka manna yadda yake. Tsohon tsarin haruffa na ma'ajiyar MySQL (inda shafi ke ajiye rubutunsa) da ake kira utf8 ba ya ɗaukar harafin da ya wuce bayit 3 (bayit shi ne ma'aunin wurin da harafi ke ci), galibin emoji kuwa bayit 4 ne. Idan ba a tsaurara saitin ma'ajiyar ba, ba za ta yi ƙorafi ba: za ta ajiye abin da ya gabaci emojin, ta watsar da duk abin da ya biyo baya. Maganinsa a mayar da teburan ma'ajiyar zuwa utf8mb4, wanda ya zo da MySQL 5.5.3 a 2010, kuma WordPress, manhajar gina shafuka, ya karɓe shi tun fitowar 4.2 a 2015. A ɗauki kwafin ma'ajiyar gaba ɗaya kafin a taɓa ta. Kuma a sani cewa wannan gyara ba ya dawo da abin da ya riga ya zube. Dole a koma ga asalin rahoton a sake zuba shi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita, bayit 2 ne kowanne, ba su ne ke jawo yankewar ba. Idan suka koma alamar tambaya, teburin yana kan wani tsohon tsarin haruffa ne mai suna latin1. Idan suka koma ɗan akwati, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su, sai a canja zuwa mai ɗauke da su kamar Noto Sans.

Wanda kuma ya cika a kwamfuta ya yanke a waya, a fara zargin Microsoft Word. Duk rubutun da aka kwaso daga can kai tsaye yana tahowa da kayan da ido ba ya gani: faɗin da aka ƙayyade, tebur mai fiksel 600 ko fiye, da tazarar da ba ta bari layi ya karye. Allon kwamfuta yana da fili, ba za a lura ba. A allo mai 360 kuwa layin zai miƙe ya fita, kuma idan mai tsara shafin ya sa overflow: hidden don hana shafi rawa hagu da dama, abin da ya fita ya tafi ke nan. A riƙa mannawa da Ctrl da Shift da V, ko a fara zuba rubutun a Notepad a sake kwaso shi, sannan a yi masa ado a cikin shafin. Hotuna a ba su max-width: 100%, don kada su wuce faɗin allo. Teburan sakamakon zaɓe ko farashin hatsi a sa su cikin akwati mai overflow-x: auto, yadda mai karatu zai ja su da yatsa.

Akwai wata da ta fi wannan wahalar ganowa. Kowane labari yana zaune ne cikin akwatin da ake buɗewa da rufewa da alamar div. Idan aka manna lambar talla ko ta bidiyo a tsakiyar labari kuma ta zo da marufi ɗaya na ƙari, akwatin labarin zai rufe tun kafin labarin ya ƙare, ragowar ya zube waje. A kwamfuta za a gan shi, ko da ya ɗan karkace. A waya kuwa yana iya faɗawa sashen da aka umarta da ya ɓuya a ƙaramin allo, ko ya shige ƙarƙashin wani akwatin. Alamarta ita ce labarin yana mutuwa daidai ƙasan talla ko bidiyo. A cire wannan lambar a sake dubawa. In labari ya dawo, a ƙirga mabuɗai da marufan div da ke cikinta, dole su zo daidai.

Sai maɓallin nan na “ci gaba da karantawa”, wanda a ganinmu cutarwarsa ta fi amfaninsa ga masu karatunmu. Yadda yake aiki shi ne a taƙaita tsawon labarin da max-height, a jira JavaScript, wato lambar da ke aiki cikin burauza, ya fito da maɓallin. To idan lambar wani talla ta maƙale kafin a kai gare shi, maɓallin ba zai fito ba, ragowar labarin na nan a kulle. Abin ya fi tsanani a burauzar Opera Mini idan an sa shi a matakin tsimin data na Extreme, domin a nan ba wayar ke haɗa shafin ba, na'urorin kamfanin ne ke haɗawa su matse su turo, kuma daƙiƙu kaɗan suke ba JavaScript. Wanda yake lallaɓa megabayit 100 ba za a ce masa ya daina tsimi ba. Abin da ya dace shi ne a tsara shafi yadda rubutu zai fito a cike ko da JavaScript bai tashi ba, a tura lambobin talla ƙasa, a sa musu async ko defer don kada su tare rubutu. Hoto kuma a rage shi kafin a ɗora: faɗin fiksel 1200 ya wadatar, nauyi kada ya haura kilobayit 200. Hoton da ya fito daga kyamara kai tsaye yakan kai megabayit 4 ko 5, a kan sabis mai rauni shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya gaji ya rufe.

A duba kuma ko kan shafin yana da layin viewport, wanda ke gaya wa waya faɗin shafi, mai cewa width=device-width, initial-scale=1. In babu shi, waya za ta ɗauka faɗin shafin 980 ne, ta ƙanƙance rubutu har sai an zuƙo, da an zuƙo kuma gefe ya ɓace. Masu amfani da AMP, wato sigar shafi mara nauyi da ake yi don waya, su buɗe wannan sigar daban su gwada, don tana tsige duk lambar da ba ta yarda da ita ba.

Bayan kowane gyara a share ajiyar wucin-gadi (cache), ta sabar da ke ɗauke da shafin da ta wayar, in ba haka ba tsohon kwafi za a ci gaba da gani a zaci gyaran bai ci ba. Shi kuwa mai karatu, kafin a gyara, ya taɓa ɗigo uku da ke saman Chrome ya zaɓi Desktop site. Idan a cikin Facebook ya buɗe labarin, ya fitar da shi zuwa burauzar wayar. A Opera Mini ya sauko daga Extreme zuwa High.

Roƙonmu ga ɗakunan labarai shi ne a ajiye ƙaramar waya ɗaya ta Android a teburin edita, mai Chrome da Opera Mini, kan layin data ba Wi-Fi na ofis ba. Duk labarin da aka saki, wani ya buɗe shi a kanta ya gangara har jimlar ƙarshe kafin a yaɗa shi. Mun gode da ba mu fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu aikin gina shafukan intanet, Kano.