Wasiƙa zuwa ga ɗana a Abuja

Assalamu alaikum. Ɗana, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da amaryata 'yar ƙarama. Mun iso gida lafiya, alhamdulillahi.

Akwai abin da na gani a gidanka da ban so faɗa a gaban mai kula maka da furanni ba. Ciyawar nan ta ƙofar gida ta yi kyau, ƙiri-ƙiri ce ma, wadda muka sha fama da ita a gona. Amma ranar Laraba ina zaune a baranda na ga yaron yana watsa mata takin NPK 15-15-15 da hannu, har ƙwayoyin na tsalle kan siminti, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ko awa ba a yi ba ruwa ya sauko, ya kwashe takin ya bi kwata da shi. Kai ka gaya min kwatar layinku gangarawa take zuwa tafkin Jabi. Raina ya sosu.

Lambar tsakiya a jikin buhun, fosfaros ke nan, ɗaya daga cikin sinadaran takin. Ciyawar da ta riga ta kafu, kaɗan take bukata, amma in ya shiga ruwan da ke kwance, shi ne abincin gansakuka da kainuwa. Su rufe fuskar ruwa, su mutu, su ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Kana yaro na ga haka a kududdufin bayan unguwarmu, da aka yi shekaru ana zuba masa shara da ruwan wanki. Wata safiya muka tarar da karfasa birjik a sama, cikinsu fari, wari har masallaci. Tarwada ce kaɗai ta sha, don ita tana iya leƙowa ta shaƙi iska.

Saboda haka ka hana yaron zuba taki in akwai hadari. Abin da ya zube kan siminti a share a mayar cikin ciyawa. Kada a aske ta ƙwal. A bar mata tsawon yatsu uku, a kuma bar abin da aka yanke ya ruɓe a wurin, taki ne na kyauta. Famfon feshi kuwa kada a sake wanke shi a bakin kwata. Fili ɗan wannan ma hannu ya isa ya cire masa haki.

Can gefen katanga inda ruwa ke fita, ka dasa layin jema, saiwarta na nitsewa ƙasa ta riƙe laka. Zan sa ƙaninka ya haƙo maka ita a fadama, a ba direba ranar Asabar. Ka dasa yanzu tun damina ba ta wuce ba.

Mahaifiyarka na gaishe ku. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.