Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Saman Najeriya: Ina Rahoton Jirgin Da Ya Taso Neman 'Ya'yanmu?

Yallaɓai, bayan gaisuwa, Allah ya taya ka riƙo.

Ni mutumin Kagara ne a Jihar Neja, kuma maganar mutum 7 ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu. Ranar 21 ga wata, jirginku ƙirar King Air 350 ya tashi daga Abuja ya nufi Minna domin leƙen inda aka ɓoye su. Matuƙin ya sanar cewa injin ya samu matsala, ya juya, amma bai kai ga sauka ba. Flight Laftanar Haruna Gadzama da abokan aikinsa 6 duk suka rasu. Yaranmu sun dawo gida ranar 27 ga watan, waɗanda suka fito nemansu kuwa suna kwance a maƙabartar sojoji ta Abuja.

A ranar ce rundunarka ta ce an ba da umarnin bincike nan take. Mun ji da kunnenmu a rediyo. To, Yallaɓai, ina sakamakon? Me ya kashe injin nan? Tsufa ne, ko rashin kayan gyara, ko akwai wanda ya sa hannu ya ce jirgi lafiya lau alhali ba haka ba ne?

Ba mu gama zaman makoki ba, ranar 31 ga Maris jirgin yaƙi na Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, sai bayan kusan shekara guda aka tsinci tarkacensa a dajin Sambisa. Ranar 21 ga Mayu wani ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10, duk suka rasu. Jirage uku cikin wata uku! Aka kafa kwamiti, hukumar binciken haɗarin jirage ta miƙa muku rahoton wucin gadi kan na Kaduna, daga nan mu talakawa ba mu sake jin komai ba.

Na san za a ce sirrin tsaro ne. Ba mu ce ku faɗa mana inda kuke kai hari ba. Amma matar da aka bari da marayu tana da haƙƙin sanin abin da ya raba ta da mijinta. Matashin da zai hau irin wannan jirgi gobe, da makanikin da zai duba masa shi da asuba, su ma suna buƙatar su san an toshe ɓarakar da ta ci 'yan uwansu. Don Allah, ko taƙaitaccen bayani ne, ku fitar.

Akwai kuma batun haƙƙoƙin iyalansu da karatun 'ya'yansu, da furannin da ake ajiyewa kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a watse. Wannan sai wani jiƙon.

Ba kai ke kan kujerar ba a 2021, amma yanzu takardun suna ofishinka. Ka sa a buɗe na jirgin Kagara, a fara karanta wa iyalan mutum bakwan nan, sannan a gaya wa 'yan ƙasa.

Naka,
Wani uba daga Kagara