Barka da Sallah daga Omiya

Assalamu alaikum Baba, Umma, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana ya karɓi ibada. Mun riga ku da awa takwas, don haka lokacin da muka sauko daga idi a masallacin Tokyo Camii ku kuna tsakiyar barci. A Japan yau ranar aiki ce kamar kullum, sai da na roƙi maigida rabin yini. Na sa farar shaddar da Umma ta aiko, mutane a jirgin ƙasa sai satar kallona suke yi. Babu ƙauri, babu hayaƙin suya, ko kukan rago ɗaya ban ji ba. Kuɗin layyata na wurin Yaya, ya san yadda muka yi.

Auta ya turo min hoton ragon bana, tubarkalla. Baba, na san an sha yawo a kasuwar Wudil kafin ku tsaya a kansa: a buɗe baki a duba haƙori, a danna gadon baya, a ja da baya a ga tafiyarsa, dillali na ta zuba ku ko kallonsa ba ku yi. Hoton nan ne ya tuna min da labarin da nake ta cewa zan ba ku tun watan Fabrairu.

Aikin nan da Umma take kira ban-ruwan tsiro a kasko, sunansa bonsai. Bishiya ce ta gaske, ana rage mata saiwa da rassa, ana lanƙwasa ta da wayar tagulla, ta tsufa a ƙaramar tukunya. Unguwarmu a nan Omiya ta masu wannan sana'a ce tun 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga Tokyo. Babbar gasarsu kuwa Kokufu-ten, wadda aka fara a 1934, ana yin ta a unguwar Ueno ta Tokyo. Tun kafin a buɗe ƙofa alƙalai sun tace, shiga zauren kaɗai ma yana ɗaga darajar bishiya da kuɗinta. Da sanyi ake yi, lokacin da masu zubar da ganye suke tsirara, babu abin da zai rufe aibin reshe.

Mun kai namu guda ɗaya, aka karɓa. Da muka shiga maigida ya tsayar da ni gaban wasu matsu biyu, irin masu ganye kamar allura, ya ce in zaɓa. Na nuna babbar, mai kore shar, rassa cike kamar lema. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya sa na durƙusa, wai daga ƙasa ake fara kallo. Nebari suke ce wa yadda saiwa ta bazu a kan ƙasa ta riƙe ta ko'ina. Tawa ta gefe ɗaya take, ɗaya gefen an lulluɓe da gansakuka don kada a gane. Gangar jikinta kaurinsa ɗaya daga ƙasa har sama kamar turken wuta, alhali so ake gindi ya yi kauri ya riƙa sirancewa, kamar kukar bayan gidan Kawu. A reshe na biyu kuma ga tabon waya, an bar ta ta ci ɓawo. Ƙaramar da na raina, ɓawonta ya tsattsage don tsufa, ta karkata kamar wadda iska ta daɗe tana bugu, tsakanin rassanta akwai sarari. Har tukunya da teburin da aka ɗora ta da ɗan ciyawar da aka ajiye a gefe duk suna cikin lissafi. Na ce a raina, ashe rago mai yawan gashi na saya.

Wadda ta fi tsaya min ita ce wata irin bishiya da suke kira shimpaku. Rabin jikinta matacce ne, fari fat kamar ƙashi, sai siririn layi ɗaya ja-ja mai rai da ya murɗa ya kai ruwa sama. A gida da tuni an yi itacen girki da ita. Su kuwa nan suke daɗewa a tsaye, ba mai magana.

Tamu ba ta ci kyauta ba, kuma ba wannan ne ya dame ni ba. Takardar da ke gabanta sunan mai ita aka rubuta, wani attajiri da bai fi sau uku na gan shi a gonar ba. Sunan maigida, wanda ya shekara da shekaru yana gyaranta, babu. Balle ni da nake ba ta ruwa sau biyu, wani lokaci uku, a zafin Agusta. A mota na kasa haƙuri na faɗa masa. Ya ce shi ma a hannun malaminsa ya same ta, malamin ma gadonta ya yi, kuma duk wanda ya san sana'ar yana kallon rassan zai gane hannun wa ne. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, Baba. Amma tun ranar nake lura da cewa almakashin da a da ba ya bari in taɓa, yanzu yakan miƙo min a kan ƙananan.

Umma, kada ki wahalar da kanki ki ajiye min soye don a ba mai zuwa, ba a barin shiga da nama a filin jirgin nan, ƙwacewa za su yi. Ku ci rabona, a kai wa Goggo cinya. Na ƙara 'yan kuɗi a na Yaya don goron Sallar yara, Auta kada ya riƙe na sauran.

A gaida Kawu da maƙwabta. Rana ta yi sanyi, layin tukwanen yamma na jirana, sai na kira da dare in kun dawo daga gaisuwa.

Ɗanku mai neman albarkarku.